Ardith da Wakili na Biyar

Ardith Koubek ta rasu a wannan kakar, ana tsakiyar girbin masara, manyan motoci na ta wucewa ta bayan gidanta zuwa rumbu. Ƙawata ce tun muna 'yan firamare. Sanarwar da jaridar garinmu ta buga ta kawo sunan iyayenta, da na mijinta Gene wanda ya riga ta, da shekarun da ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Duk gaskiya ne. Sai dai ba shi ne abin da mutanen Osterby ke tunawa ba idan an ambaci sunanta, kuma kowa ya san haka, har da wanda ya buga sanarwar. Shi ya sa na ce bari ni ma in faɗi nawa.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jajur saboda ruwan zafi. Ba ta iya tafiya a hankali ba, ko coci za ta sai ka ce an ce mata tukunya na ƙonewa. Ita da Gene Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta ɗauki yaran gari duka ta mai da su nata. Ta san wanda ba ya cin wake, ta san wanda ke fitowa daga gida ba karin kumallo, shi take cika wa faranti ba tare da ta kalle shi ba don kada ya ji kunya.

Tana da wata ɗabi'a da aikin ya koya mata. Abu ba ya faɗuwa ƙasa ya kwana a gabanta. Yaro bai gama yar da cokali ba, ta riga ta sunkuya ta ɗauke, ta ce wani zai taka ya zame. A gidana ma haka take, ko murfin tukunya na yar sai ta riga ni. Gene yakan tsokane ta ya ce ranar da ya yanke jiki ya faɗi, kafin ya kai ƙasa za ta cafe shi ta jefa cikin kwanukan wanke-wanke. Da ranar tasa ta zo, a gadon asibiti ta same shi, ita kuwa ta riƙe hannunsa har ya yi sanyi, sai da na ɓamɓare mata yatsu.

Shugabancin taron mazaɓarmu ba nemansa ta yi ba. Duk bayan shekara huɗu, lokacin da sanyi ya fi tsanani, jam'iyya kan fid da wanda zai yi mata takarar shugaban ƙasa, mu kuwa a nan jihar Iowa a tsaye muke yin namu, a zauren makaranta. Makullin zauren yana hannun Ardith, ita ta san inda ake ajiye kujeru, ita ta iya lallaɓa tukunyar kofi ta yi aiki. Wata shekara tsohon shugaban ya ƙaura, aka duba aka ce to ga mai makulli. Tun daga nan duk taron da aka buɗe sai a tambaya ko akwai wani suna, a yi shiru, a ce Ardith, a wuce.

Bayani ɗaya take yi kowane karo, har mun haddace:

"Kowa ya je kusurwar gwaninsa ya tsaya, zan ƙirga kawuna. Kusurwar da ba ta kai kashi goma sha biyar cikin ɗari ba ta watse, mutanenta su nemi inda za su raɓa. Sannan mu raba wakilanmu biyar gwargwadon yawan kowa. Su za su je taron gunduma, can a tace a aika jiha, jiha ta tace ta aika babban taro. Wanda bai gane ba ya ɗauki kolachi ya bi maƙwabcinsa."

Kolachin nata ne, gurasar kakanninta mai zaƙi a tsakiya. Akwai waɗanda na sani ba siyasa ke kawo su ba, ita ke kawo su.

A shekarar da abin ya faru, 'yan takara uku ne suka yi ƙarfi a wajenmu: wani gwamna, wani tsohon alƙali, da wani farfesa. Ardith ta Gwamna ce, ta kafa allonsa a ƙofar gida. Ni ta Alƙali ce. Amma babban mutumin Alƙali a garinmu shi ne Orval Brekke, manomin masara mai kiwon aladu, wanda ya shekara yana bin gida-gida a tsohuwar motarsa yana roƙon mutane. Alƙalin ya taɓa shan kofi a kicin ɗinsa, ya kira shi da sunansa, kuma tun daga ranar Orval bai sake zama daidai ba.

A motata muka tafi da yammar taron, tiren kolachi a cinyarta.

Ta ce, "Lorna, har yanzu kina bin tsohon nan mai magana kamar yana karanta wa mutum hukuncin rataya?"

Na ce, "Ya fi naki mai haƙoran roba."

"Haƙoransa ne na kansa."

"Da kuɗinsa ya saya, ai nasa ne."

Ta yi dariya har tiren ya kusa zamewa. Ina yawan tuna wannan dariyar.

Ƙirgen farko ya watsa kusurwar Farfesa, ba su kai ba. Sai kasuwa ta buɗe. Ana ta kiran su daga nan da can. Orval na ce wa wani, "Walt, ka manta wanda ya jawo maka tarakta daga laka?" Daga can wata ta amsa, "Walt, ka tuna wa ke maka allura a asibiti, ka yi tunani da kyau." Aka yi ta dariya, 'yan Farfesa suka rarrabu, wasu nan wasu can. Da Ardith ta sake ƙirgawa sai aka yi kunnen doki. Ta sake, haka. Orval ya bi bayanta ya ƙirga da kansa, ya ce e, daidai ne.

Ta ce, "To, biyu nan, biyu can. Na biyar ɗin ba a yanka mutum gida biyu. Ƙa'ida ta ce a jefa kwandala. Orval, ba ni taka, kada a ce tawa ta san hannuna."

Ya laluba aljihu ya ba ta. Ya ce shi gefen mai hoton mikiya ya zaɓa, ya bar wa 'yan Gwamna gefen mai hoton kai.

Ardith ba ta taɓa jefa kwandala ba a rayuwarta. Ta wurga ta sama kamar mai juya wainar ƙwai, ta bugi fitila, ta dawo ta daki ƙasa, ta gangara a tsaye ta shige ƙarƙashin teburin kofi. Abin da ya kamata shi ne a bar ta inda ta kwanta, a kira mutum ɗaya daga kowane ɓangare su duƙa su gani tare. Kowa ya san haka yanzu. Amma abu ne ya faɗi ƙasa a zauren Ardith. Kafin kowa ya motsa ta riga ta isa, ta sunkuya, ta miƙa hannu, ta ɗago.

Ta ce, "Kai ne."

Orval ya ce, "Mu gani."

Ta buɗe tafinta. Kai ne.

Ya girgiza kai yana murmushi ya ce, "Riƙe ta, kuɗin kolachi." Ya sa hannu a sakamako. 'Yan Gwamna suka koma kusurwarsu don zaɓen mutum ukun da za su aika, na ukun suka ce Ardith, don ta sha faɗa a gaban kowa cewa tana so ta ga taron gunduma ko sau ɗaya kafin ta mutu. Aka naɗe kujeru, kowa ya kama hanya. Ba wanda ya fita daga zauren nan da zargi a bakinsa. Ina wurin, na sani.

Da safe zargin ya zo, ta talabijin. Aka ce a jihar gaba ɗaya tazarar da ke tsakanin Gwamna da Alƙali ba ta fi kaurin gashi ba, aka ce akwai mazaɓun da kwandala ta raba gardama. Nadine, matar Orval, ashe ta ɗauki bidiyon jifan a wayarta. Kafin tsakar rana wayar ta zagaye shagon kofi da ke gaban rumbu, hannu zuwa hannu.

Na kalla, ban san sau nawa ba. Ba abin da ke ciki sai bayan Ardith, da shuɗiyar rigar sanyinta, da hannunta ƙarƙashin tebur. Sai ɗan jim da ta yi kafin ta miƙe. Wannan ɗan jim ɗin shi ne komai. Me ta tsaya yi? Ni na san me ta tsaya yi. Gwiwoyinta sun lalace tun da daɗewa, sunkuyawa ba ta ba ta wuya, miƙewa ce sai ta dafa. Na faɗa musu haka a shagon. Suka ce hakane, hakane, suka ci gaba da kallon wayar.

Na tsaya kan Orval na ce, "Kai ne ke cewa ta juya kwandala?"

Ya ajiye kofinsa a hankali. "Ban ce ta juya ba, Lorna. Na ce ban gani ba."

"Ka sa hannu."

"Na sa hannu kan abin da na gani a tafinta. Ban sa kan abin da ke ƙasa ba."

"Matar da ta ciyar da 'ya'yanka uku?"

"Ta ciyar da su, ban musa ba. Wa zai tafi gunduma da kujerar?"

 Wani ya shiga motsa kofinsa da cokali duk da bai sa sukari ba.

Na tafi gidanta kai tsaye. Na same ta tana goge murhu. Na ce ta ajiye wakilcin nan, ta ba wani, ko bakin mutane zai yi sauƙi.

Ta ce, "In ajiye don me? Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba shi ke mayarwa."

"Ba don haka ba, don a zauna lafiya."

"In na ajiye, Lorna, na ce na yi ke nan. Ke ma kin sani." Ta juyo ta kalle ni, tsumma a hannu. "Su suka aiko ki?"

"Wa zai aike ni wurinki?"

"Ai a kusurwarsu kike tsaye."

"Ƙafata ce ke can, tsohuwar banza. Zuba mini kofi."

Ta zuba, amma ta daɗe ba ta zauna ba.

Ta je taron gunduma, ta sa rigar da ta saya don jana'izar Gene, ta dawo ba ta ba ni labarin komai ba. Gwamnan bai ma kai ko'ina ba daga baya, Alƙalin ma haka, wani daban jam'iyya ta tsayar. Na ɗauka shi ke nan. Ashe ban san garinmu ba, ko kuma na sani na ƙi yarda.

Mu a nan ba ma fuskantar mutum. Za mu gaishe ka, mu kawo maka miya in ba ka da lafiya, mu kwashe maka ƙanƙara daga ƙofar gida, sannan mu shiga mota mu rufe gilashi mu yi maganarka. Har ta koma ga Allah, ba wanda ya taɓa tsayawa gaban Ardith ya ce mata kin yi maguɗi. Da an faɗa da ta sami abin amsawa.

Matan cocinmu kan ɗinka babban bargo duk shekara, a zuba sunaye cikin kwando, Ardith ta zura hannu ta zaro wanda ya ci. A shekarar sai ga kwanon gilashi a kan tebur maimakon kwando. Fasto ya ce kwandon ya tsufa. Kwandon nan yana nan lafiya lau, ni na gan shi a ɗakin ajiya. Ya kuma ce bana matarsa za ta zaro, don a riƙa zagayawa. Har yau bai zagayo ba. A bikin baje kolin gunduma an saba kiranta ta ɗanɗana abinci ta faɗi wanda ya fi. Ba su kira ba, suka ce sun ji gwiwa na damunta.

Wata rana muna layi a kantin kayan abinci, wani mutum a gabanmu ya yar da kwandala, ta gangaro ta kwanta dab da takalmin Ardith. Har gobe ban yarda kuskure ba ne, don na ga yadda ya kalli abokinsa. Na ga kafaɗarta ta fara sauka, sai ta tsaya. Ta mai da hannuwanta baya ta haɗe su, ta kafa ido kan gwangwanayen madara har mutumin ya duƙa ya ɗauki abinsa. Daga ranar ban sake ganin ta ɗauki wani abu daga ƙasa a gaban mutane ba.

Ni ma abin ya lalata mini ido. Duk wanda ya yi mata alheri sai in tsaya ina auna shi. Wannan da ya gaishe ta da fara'a haka, me ya faɗa jiya a shagon kofi? Wannan da ta kawo mata tumatir, tausayi ne ko leƙen asiri? Ita ma haka ta koma. In wani ya yabi kolachinta sai ta jira ya wuce ta ce, "Wannan ina ya tsaya a taron?" Matar da da ba ta san ƙofarta na da sakata ba.

Sau ɗaya kawai ta yi mini maganar da bakinta. Muna zaune a barandarta da rani muna ɓarar wake, ba abin da ya kawo zancen.

Ta ce, "Na ga kai a ƙasa, na ɗauka, na ce kai. Shi ke nan abin da ya faru."

Na ce na sani.

"Abin da ke damuna ba su ba ne. Sun faɗa, sun faɗa, har wani lokaci in zauna ina tambayar kaina ko na gani da kyau. Akwai duhu ƙarƙashin teburin nan, Lorna. Kuma ina son Gwamna ya ci, ba zan ɓoye ba. Ido yakan ga abin da zuciya ke so?"

"Ke kin gani."

Ta ɓare kwanso biyu ko uku kafin ta ce, "Na gani."

Na kama hannunta, ta bar mini shi ɗan lokaci, sannan ta zare ta ce wake ba ya ɓare kansa.

Kafin shekara huɗun su cika, likita ya gano ciwon daji a cikinta. Ta ajiye aikin makaranta, ta rame har zoben Gene ya daina zama a yatsarta. Da lokacin taro ya matso na ce mata ga uzuri Allah ya kawo, ta zauna gida, ba mai cewa komai.

Ta ce, "Shi ne matsalar, ba mai cewa komai. Zan je. In suna da magana su yi ta a tsaye."

Na kai ta. Ta toya kolachi kamar kullum, ko da yake sai da ta zauna sau da yawa kafin ta gama. Zauren ya cika fiye da yadda na taɓa gani, kuma na san ba 'yan takarar bana ne suka cika shi ba. Ta buɗe taro, muryarta ba ta kai bango kamar da. Ta kai inda ake tambaya ko akwai wani suna. Ta tambaya.

Nadine ta miƙe, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Orval Brekke."

Wani daga baya ya ce ya goyi baya.

Ba a taɓa yin haka ba, ba wanda ya san yadda ake yi. Aka ce a yi da murya, masu e da masu a'a. Aka yi, ba a gane wanda ya fi ba, don kowa cikin wuyan rigarsa ya yi magana. Aka ce a ɗaga hannu. Sai wani ya ce, "Wa zai ƙirga?" Wasu suka yi dariya, gajeriya, suka haɗiye.

Ardith ta ce, "Ba sai an wahala ba. Mu yi yadda muka iya. Mai son Orval ya je bangon taga. Mai so na ya zo nan wajen ƙofar kicin."

Ta tafi ta tsaya can, ta jingina da bango. Ni na fara zuwa, na tsaya kusa da ita har kafaɗarmu ta haɗu. Walt ya zo yana jan ƙafa. Ma'aikaciyar asibiti ta zo. Wasu tsofaffin mata, da waɗansu magidanta da ta ciyar suna yara. Can bangon taga ma ana ta taruwa, kowa na kallon takalminsa. Amma mafi yawa ba su je ko'ina ba. Suka zauna a kujerunsu a tsakiya. Wani ya shiga ɗaure igiyar takalmi, wata ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba, mutum huɗu ko biyar suka tuna suna jin fitsari a lokaci guda. Fasto na cikin masu zama. Waɗannan na tsakiya su na fi kallo, kuma su nake gani har yanzu in na rufe ido.

Ta ce a hankali, ni kaɗai na ji, "Kalli, Lorna. Da kolachina a hannunsu."

Na ce, "Mu tafi gida."

"Ban gama aiki ba."

Ta tashi daga jikin bango ta je tsakiyar zaure. Ta ƙirga namu da ƙarfi, tana nuna kowa da yatsa tana kiran sunansa. Ta juya ta ƙirga na bangon taga, su ma da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ta kira sai ya ɗago ya haɗa ido da ita ko bai so ba. Sun fi mu, ba da yawa ba.

Ta ce, "Orval ne shugaba."

Wannan ƙirgen ba wanda ya yi shakkarsa. Ba wanda ya ce a sake.

Ta miƙa masa takardun taro da makullin zaure, ta gaya masa tukunyar kofi sai an ɗan buga mata a gefe. Ya karɓa, kunnuwansa sun yi ja. Ta je kusurwar ɗan takararta ta tsaya da sauran mutane, ta ƙi kujerar da aka kawo mata, aka ƙirga ta, ta jira har aka raba wakilai. Na mayar da ita a mota har ƙofar gidanta. Ta ce, "To, yanzu na sani." Ta hana ni raka ta ciki.

Bayan nan ba ta ƙara fita sosai ba. Ciwon ne, amma ba shi kaɗai ba. Mutane sun yi ta kawo miya da furanni, ta ce in karɓa a ƙofa in yi godiya. Watannin ƙarshe a gidanta nake kwana. Ina yi mata wanka, ina taje mata ɗan gashin da ya rage, tana ce mini hannuna kamar na mai wankin mota. Ba ta sake ambaton taron ba, ni ma ban ɗauko ba. Da safe ta cika, rana ta shigo ɗakin, kanta a kan hannuna. Allah ya ji ƙanki, Ardith. Ban san wa zan riƙa zagi yanzu ba.

Ranar jana'iza coci ya cika maƙil. Na zauna a gaba, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan shiga raba su bango-bango. Bayan an dawo daga maƙabarta aka sauka ƙasan coci cin abinci. Na shige kicin ina wanke kofuna don kada in gaisa da kowa. Sai ga Orval a bakin ƙofa, cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan, hula a hannu. Ya jira sauran matan suka fita da faranti.

Ya ce, "Lorna, sannu da haƙuri."

Na ce sannu.

Ya juya hular. "Ke ce tare da ita har ƙarshe."

"Ni ce."

"Ta ce wani abu? Kan wancan… kin gane."

Na kashe famfo na juyo na kalle shi sosai. Na ɗauka zan ga mugunta, ko jin daɗi. Ban gani ba. Tsoro na gani. Mutumin nan so yake in ce masa e, ta amsa ta juya, don ya samu ya yi barci. Domin in ba ta juya ba, to shi me ya yi wa mace marar lafiya a gaban gari duka?

Na ce, "Ta ce kai ne."

"A ƙasa, ko a hannu?"

"A ƙasa, Orval."

Ya daɗe yana kallona, yana neman wani abu a fuskata, kamar yadda suka yi ta neman abu a wayar matarsa. Ya ce, "Ai ke ƙawarta ce. Ko da ta faɗa miki wani abu, ba za ki gaya mini ba."

Na ce, "Hakane. Ba zan gaya maka ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai Nadine ta leƙo ta ce ana nemansa ya taimaka a naɗe tebura. Ya sa hularsa, ya tuna a coci yake, ya cire, ya fita. Na kunna famfo na ci gaba da kofunan.